Bindigar da Dragoye Ya Zaɓa

Obrad ya jawo ƙofar rumfar ya sa sakata, alhali rana tsaka ce kuma babu kowa a gonar sai karensa. Su uku ne a ciki. Tukunyar dafa giyar rakiya tana ta tsiyaya a gefe, warin ruɓaɓɓun 'ya'yan itace ya cika wurin.

Ya tsuguna ya zana hanya a ƙasa da tsinke. Motar 'yan kasuwa mai zuwa Istanbul takan taso daga garin da ke sama da namu, a bakin kogin Lim, duk Alhamis da safe. Yawancinsu mata ne masu saro wanduna da riguna, kowacce da kuɗin Jamus ɗinke a ɗamararta. A shekarun nan banki ya zama abin dariya, kowa a jikinsa yake ɗaukar dukiyarsa. Akwai wata kwana a cikin kwazazzabo inda dole direba ya rage gudu. Nan za su tare ta da gungumen itace.

Fehim, wanda ya taɓa zama direba na biyu a motar kafin a sallame shi, shi ya kawo labarin, shi kuma zai ja motar gudu. Obrad zai shiga ya tara kaya. Dragoye zai tsare ƙofa da ƙarfe.

"Wane ƙarfen?" in ji Fehim. "Ludayi zai riƙe? Wannan fa a soja miyar wake ya yi ta dafawa."

Gaskiya ya faɗa. Dragoye ya haura arba'in bai taɓa mallakar bindiga ba. A masaƙar garinmu ya yi ƙuruciyarsa yana jan motar dila. Da masaƙar ta rufe sai ya koma bakin titi yana sayar da fetur a kwalabe, hannuwansa duk sun tsage don sanyi. Burinsa ɗaya ne, ya fitar da matarsa Stamena da 'yarsu zuwa Sweden inda ƙanin matar yake. Masu haɗa takardu kuwa ba sa jin roƙo.

Obrad kum ɗinsa ne. Shi ya tsaya masa a coci ranar aure, shi ya riƙe 'yarsa ranar baftisma, kuma a wurinmu wannan ya fi zumuncin jini nauyi. Sai dai Obrad ɗin da ya dawo daga yaƙi ba wanda ya tafi ba ne. Ya dawo da kunne ɗaya a toshe da wani irin kallo da ke sa mutane su tsallaka titi.

Ya miƙe ya laluba bayan wata ganga, ya ciro abu a naɗe cikin bargo. Papovka ce, tsohuwar bindigar soja mai ɗana kanta: ka ja kunama ta ba ka harbi ɗaya, ta tura wani harsashin tana jiranka. Sai ƙyalli take yi da mai.

"Riƙe, kum. In an gama ka ba ni abin da ya sawwaƙa."

Dragoye ya juya ta a hannu. Inda lamba ya kamata ta kasance, an goge shi tas da zarto. Ya tambaya, Obrad ya ce duk wadda ta fito daga fagen yaƙi haka take. Dragoye ya ƙara dubanta. Ya san kum ɗinsa, mutum ne da ko sigari ya ba ka sai ya tuna maka bayan wata guda. Ya mayar da ita kan bargon a hankali, ya ce bari ya ɗan yi shawara.

Obrad ya bi shi da ido har suka fita.

Fehim ne ya rage wa Dragoye hanya. Sun kusa gadar shiga gari sai ya sassauta gudu, ya nuna wani wuri da haɓa inda aka jingina busassun furanni. Ya ce nan aka harbe ɗan sandan nan a bazarar bara, yana tsaka da duba motar sigari. Har yau ba a kama kowa ba. Amma masu shuɗin kaya, wato 'yan sanda, sun tsince kwanson harsashin sun adana, kuma kowace bindiga tana barin shaidarta a jikin kwanso kamar zanen yatsa. Duk wanda aka kama da ƙarfen nan a hannu, shi ne mai kisan, ko da yana kwance a asibiti ranar.

"Me kake nufi?" in ji Dragoye.

"Ni? Ba na nufin komai, mutumina. Kawai dai ban taɓa jin Obrad ya yi kyauta ba."

Washegari Dragoye ya sayar da aladen da suke kiwo don hunturu. Ya gaya wa Stamena fetur zai ƙaro. Ta dube shi, ta dubi garken da ya zama wayam, ta shige ɗaki. Kuɗin bai taka kara ya karya ba, sai da ya haɗa da agogon mahaifinsa.

Ya je wurin surukinsa, tsohon mafarauci, da sunan kyarkeci ya dame su a ƙauye. Tsohon ya ce kada kyau ya ruɗe shi. Ya ɗaga bututun ya leƙa ta ciki a hasken rana, in ya ga tsatsa ta ci ramuka ya ajiye. Ya nemi wadda harsashinta ke kowane gida, don bindigar da babu abincinta sanda ce. Kada ya biya sai ya harba da hannunsa. Sannan ya ce, abin da ya fi duk waɗannan, ya tambayi ta wa ce.

Ranar kasuwar shanu Dragoye ya zagaya bayan turken, inda motoci ke jere da but a buɗe rabi. Kowa ya san abin da ake sayarwa a nan. Na farko ya nuna masa wata sabuwa fil, ƙirar waje, mai madubin hange. Da ya ji kuɗin sai ya yi dariya ya wuce. Na biyu yana da mai araha, amma ƙotarta a fashe take an ɗaure da waya, kuma da Dragoye ya ce zai gwada sai mutumin ya rufe but ɗinsa ya ce nan ba filin wasa ba ne. Na uku kuwa wata bindiga mai jigida ya yi ta cusa masa, wadda ke zuba wuta kamar ruwa. Dragoye ya ce a'a. Ya san kansa. In ya tsorata ya danne kunama, zai share rabin motar kafin ya ankara. Shi mai ɗaya-ɗaya yake so, wadda za ta jira shi ya yi tunani.

Kowane mai sayarwa sai ya tambaye shi ta wa ce, daga ina ta fito. Kowa sai ya canza fuska.

Yana shan kofi a bakin ƙofar kasuwa, mai kofin ya sunkuyo ya ce masa akwai wata gwauruwa a ƙauyen kan tudu, Yoka, tana son rabuwa da ta mijinta.

Gidan a ƙarshen hanya yake. Tsohuwar ta fito cikin baƙaƙen kaya, ta daɗe tana kallonsa kafin ta buɗe shinge. Daga ƙarƙashin tulin masara ta jawo ta. Papovka ce ita ma, katakonta duk ya ƙoƙe, amma lambarta na nan ras. Ta ce ta marigayi ce, tun zamanin da ake kiransu atisaye yake da ita, bai taɓa harbin ko zomo ba. Ɗanta ɗaya ne, ya tafi ƙasar waje neman aiki, ita kuma tsoron abin take ji a gida. Tana magana idonta na ƙasa. Dragoye ya ɗauka kunyar tsofaffi ce.

Ya leƙa bututun, yana sheƙi. Ya kai ta tsohon ramin fasa duwatsu da ke bayan ƙauyen, ya jera gwangwanaye. Ta ba shi harbi bayan harbi, ba ta cije ko sau ɗaya ba. Da ya dawo ya fito da kuɗinsa yana shirin ciniki, Yoka ta karɓa ba ta ko duba ba. Har harsasai ta ƙara masa a tsohuwar safa.

Ya sauko daga tudun zuciyarsa wasai. Lamba na nan, mai ita ya rasu a kan gadonsa, an san gidan da ta fito.

Abin da bai sani ba shi ne, bayan turken shanu kunnuwa sun fi shanu yawa. Kafin la'asar labari ya kai teburin Sufeto Yeftich cewa mai feturin bakin titi yana yawon neman doguwar bindiga, yana ta tambayoyi. Sufeton dattijo ne mai ciwon ciki, kuma ɗan sandan da aka kashe a gada shi ya koya masa aiki. Ya tambayi wane ne mai feturin. Aka ce kum ɗin Obrad ne. Ya ajiye kofinsa. Ya ce a sa ido, amma kada a taɓa kowa. A lissafinsa motar gidan waya mai kawo kuɗin fansho ranar Juma'a suke hari, can ya tara mutanensa.

Fehim ma bai zauna ba. Ya sami Obrad a rumfa, ya matso ta wajen kunnen da ke ji. Ya ce shi fa ba ya son shiga tsakanin kum da kum, amma an ga motar masu shuɗin kaya ta tsaya wurin kwalaben Dragoye, kuma ba fetur suka saya ba. Ya ce mutum ya ƙi ƙarfen kyauta, ya je ya nuna fuskarsa a kasuwa kamar mai talla, to wa yake so ya gan shi?

"Cinne kake nufi? Ya sayar da mu?" in ji Obrad.

"Ni ban ce ba, oga. Kai ka faɗa."

Alhamis ta zo da hazo a kan kogi. Da Fehim ya buɗe but don su ɗauki huluna masu rufe fuska, Dragoye ya ga bargon nan a kwance a ciki. Ya tambayi me ya kawo ta. Obrad ya ce bai yarda da tarkacen tsohuwa ba, in ta cije ga madadi. Fehim ya kalli Dragoye ta gefen ido, ya ɗaga gira.

A cikin motar 'yan kasuwa, Zumreta tana zaune bayan direba, wurin da take zama tun fara wannan tafiya. Kuɗin da ke ɗamararta ba nata ba ne ita kaɗai, har da na maƙwabtanta biyu da suka ba ta saƙo. Tana ɓare dafaffen ƙwai tana yi wa direba tsiya a kan waƙoƙin da yake sawa.

Motar ta sha kwana. Gungume a tsakiyar titi!

Birki ya yi ƙara. Jakunkuna suka zubo daga sama. Kafin direba ya sa ribas, mutum biyu sun fito daga cikin bishiyoyi — ɗaya da ƙaramar bindiga, ɗaya da doguwa.

Obrad ya daki ƙofa ya shiga. Bai ɗaga murya ba. Ya ce kowa ya kwance ɗamara ya jefa a buhu, wanda ya sa shi ya nema da kansa zai yi nadama. Mata suka fara kuka ƙasa-ƙasa. Dragoye yana tsaye a ƙofa, gumi ya jiƙa hular.

Can baya wani ƙato ya ɓalle ƙofar gaggawa ya dira — ya nufi daji a guje!

Tau!

Sama Dragoye ya harba. Ƙaton ya zube a ciyawa ya ɗora hannu a ka. Kwanson ya yi tsalle ya gangara ƙarƙashin taya.

Zumreta ta riƙe ɗamararta da hannu biyu. Ta ce da Obrad ya ji tsoron Allah, amanar mutane ce. Ya sa wuƙa ya yanke igiyar, ya ture ta kan kujera. A daidai nan aka danna hon daga bayan kwana, gajeru biyu da dogo ɗaya. 'Yan fashin suka dira da buhun suka nufi can. Zumreta ta daina kuka. Shekara nawa tana jin wannan hon ɗin a tashar kan iyaka, in ana kiran fasinjan da ya makara.

Da Sufeto Yeftich ya iso, rai a ɓace don an sha shi, ita ce ta fara tare shi. Ta ce Fehim ne, ta rantse da 'ya'yanta. Direban ya ce kawun Fehim yana da bukkar makiyaya a kan dutse, ba mai zuwa can sai da rani. Sufeton ya durƙusa ya zaro kwanson daga ƙarƙashin taya, ya naɗe a hankici. Suka hau dutsen.

Bukkar tana bakin wani rami mai zurfi wanda makiyaya ke jefa mushe. Shirin su Obrad shi ne su canza kaya, su jefa ƙarafan a ramin, su raba, kowa ya kama gabansa. Da suka iso, tun kafin 'yan sanda su biyo, Fehim ya ce su shiga, shi zai tura motar cikin bishiyoyi kada a hango ta daga ƙasa. Obrad ya ɗauki bargonsa. Buhun yana but. Kowannensu ya tuna da buhun, amma kowanne idonsa na kan ɗan'uwansa.

A ciki Obrad ya warware bargon, ya riƙe papovkar a hannun hagu.

"Miƙo taka, kum."

"Me ya sa?"

"Rami za su."

"To jefa taka tukuna."

Obrad ya yi murmushin da babu daɗi a cikinsa. Ya tambaye shi me masu shuɗin kaya suka tsaya yi a wurin kwalabensa, nawa suka yi masa alkawari. Dragoye ya ce ƙarya ne, shi ma yana da tambaya: wa ya harbe yaron nan a gada, kuma gawar wa aka shirya a tsinta yau rungume da wannan bindigar?

Obrad ya yamutsa fuska kamar bai ji daidai ba. "Wace gada?"

Sai ƙarar inji ta tashi a waje. Ba ta shiga bishiyoyi ba. Gangara ta yi, tana nisa, tana ƙara gudu.

Dragoye ya ji ta sarai, ya ce a ransa shi ke nan, sun haɗa baki. Obrad kuwa rabi-rabi ya ji. Ya juya da sauri don ya kawo kunnensa mai ji wajen ƙofa — bakin bindigar da ke hannunsa ya biyo shi, ya ratsa ta gaban ƙirjin Dragoye.

Papovkar Yoka ba ta cije ba.

Obrad ya jingina da bango, ya sulale. Ya dubi rigarsa, ya dubi Dragoye. Babu fushi a fuskarsa, mamaki ne kawai.

"Kum," ya ce. "Motar."

A haka 'yan sanda suka same su. Dragoye bai gudu ba. Yana durƙushe ya danna hular a kan raunin, jini ya riga ya daina zuwa. Da aka sa masa ankwa ya nuna bindigar da ke kusa da gawar, ya ce da Sufeton ga abin da yake nema tun bara, a kai a gwada. Tasa kuwa tsaftatacciya ce, da kuɗinsa ya saya, zai iya kai su gidan. Sufeton ya sa aka ɗauki duka biyun.

An fara sanyi sosai ranar da Yeftich ya zo ɗakin da ake tsare da shi. Ya zauna a bakin gado, ya miƙa masa sigari. Ya ce sakamako ya dawo daga babban birni. Bindigar Obrad, in ji masu gwaji, har yanzu man ma'ajiyar soja na daskare a cikinta. Tun da aka sato ta ba a taɓa harba ta ba.

Dragoye ya ce ba zai yiwu ba.

Sufeton ya ce kwanson gada, da wanda ya tsinta a ƙarƙashin taya, da na cikin bukka, duk uwarsu ɗaya. Wadda aka kama a hannunsa ce.

Dragoye ya faɗi sunan Yoka, ya faɗi ƙauyen, da tulin masara, da mai kofi. Sufeton ya ce ya riga ya je. Tsohuwar ta ce ba ta taɓa ganinsa ba, mijinta kuma ya mayar wa soja bindigarsa tun kafin ya rasu. Takardun wancan lokacin sun bi yaƙi. Mai kofi ya ce shi kofi yake sayarwa. Ɗan nata ya bar ƙasar mako guda bayan abin gada, kuma babu wanda ya san inda yake.

"Ka yarda da ni?" in ji Dragoye.

"Yardata ba ta shiga kotu," in ji Sufeton. Ya miƙe yana dafe da ciki.

Kisa biyu aka ɗora masa, da fashi. Ba zai fito da sauran ƙarfi a jikinsa ba. An tsinci motar Fehim a kusa da teku babu kowa a ciki, daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Zumreta ta sayar da rumfarta ta mayar wa maƙwabta abinsu, yanzu tana wanke-wanke a gidan abincin tasha. Ranar jana'izar Obrad, 'yar Dragoye ta ce za ta je, ai shi ya riƙe ta a coci. Dangin mamacin suka tare ta a ƙofar maƙabarta.

Stamena ce kaɗai ba ta haƙura ba. Da dusar ƙanƙara ta narke ta hau tudun nan da ƙafa, ta tsaya a bakin shingen Yoka. Tsohuwar tana watsa wa kaji hatsi. Stamena ta kira ta inna. Ta ce ba faɗa ta zo yi ba, kalma ɗaya take roƙo a gaban alƙali, don a rage wa mijinta kisan da bai yi ba. Wanda ya yi, ya yi.

Yoka ta juye sauran hatsin, ta kife kwanon a kan dutse. Wannan karon ta ɗago ido ta dube ta sosai.

"'Yata, 'ya'yanki nawa?"

"Ɗaya."

"Ni ma ɗaya."

Ta taka har bakin ƙofarta, ta tsaya ba ta juyo ba.

"Ban kira shi ba. Da ƙafarsa ya zo. Ya leƙa, ya gwada, ya ce ita yake so."

Ta shiga ta rufe. Stamena ta daɗe riƙe da shingen, sannan ta juya ta fara gangarowa, don ranar ziyara ce kuma motar gidan yari ba ta jiran kowa.